Yaɓe na Goma Sha Tara

Kwana tara ke nan Matsefi tana aiki a Ɗakin Zane, ba ta nemi shayi ba, ba ta nemi izinin zuwa suna ko ta'aziyya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa sauran ma'aikata su tsane ta. A takarda sunanta Na'urar Daidaita Kamanni, amma tun ranar da aka kunna ta aka ga siraran layukan haske suna bin allon bango daga sama zuwa ƙasa kamar haƙoran matsefi cikin gashi, sunan takarda ya mutu. Farin akwati ce da ba ta kai tukunyar biki girma ba. Takan ɗauko zane, ta auna launinsa, ta auna kaurin layinsa, ta kwatanta shi da dubban 'yan'uwansa, ta ɗiga jan ɗigo a duk inda ta ga saɓani. Zuwa kwana na tara allon ya yi kamar mai ƙyanda.

Abin da aka ba ta ta tsefe shi ne taskar zane-zanen Zaure, babbar manhajar da ke tafiyar da komai a birnin Tudun Maƙera, daga famfon ruwa har jirgin da ke bin saman gidaje. Shekara arba'in da tara ana fitar da sabon zubin Zaure duk farkon damina, kowace fitowa da launinta da tambarinta da zanenta. Taskar kuwa kamar ɗakin tsohuwar da ba ta zubar da kaya. Akwai jakar fayil mai suna "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na gaske", akwai "na ƙarshe wallahi", akwai kuma "kar a taɓa, na Sambo ne", alhali Sambo, wani tsohon ma'aikacin ɗakin, ya yi shekara ashirin a kabari.

A wani garin, zanen manhaja abu ne da mutum ke gani a fuskar wayarsa ya wuce. A Tudun Maƙera shi ne sama. Lokacin da zafi ya kai inda kwalta ke narkewa kafin azahar, sai aka kifa wa birnin Rumfa, wata ƙatuwar ƙwaryar gilashi mai faɗin tafiyar awa uku a ƙasa. Bayanta yana shan rana yana mai da ita lantarki. Cikinta allo ne guda ɗaya, mafi girma da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa, kuma abin da Zaure ta ɗora masa shi mutum miliyan huɗu ke gani idan sun ɗaga kai. Tsakiyar allon launin sararin samaniya ne, gefe-gefen kuma, inda ƙwaryar ta sauko ta taɓa ƙasa, nan masu zane ke zuba gwaninta: tsuntsaye, itatuwa, koguna, abin da birnin ya rasa dai.

Saboda haka mutanen garin ba su cika ƙirga shekara da lamba ba. Lamba ta asibiti ce da kotu. Idan ka tambayi mace yaushe ta yi aure, sai ta ce shekarar Gauraka. An yi gobarar kasuwa shekarar Kwale-kwale. Wanda aka haifa shekarar Kwamiti, wadda masu zane suka yi yaji har manyan hukuma suka zauna suka zaɓi ruwan toka da ƙuri'a, har yau ana tsokanarsa cewa shi ya sa fuskarsa ba annuri.

Mutum ɗaya ce ta san inda komai yake a wannan taska, Ladidi Korau, mai shekara hamsin da bakwai, wadda ta shiga Ɗakin Zane da ƙuruciyarta a matsayin mai jera fayil ta kuma tsufa a matsayin mai jera fayil, sai dai an sauya wa muƙamin suna sau huɗu. Ba ta taɓa zana ko kaza ba. Amma in ka ce mata kana neman shuɗin da aka yi amfani da shi a gefen arewa shekarar Shamuwa, za ta miƙo maka kafin ka gama zama.

Ranar ta tara ne Injiniya Tukur Anaruwa ya kira ta gaban allon. Shi ne Daraktan Kamanni, muƙamin da ba a taɓa yi ba sai da aka ga shi. Shekararsa talatin da huɗu, mai ladabi ne, mai tsafta, kuma ya yi imani da gaske cewa duk wata damuwar duniya daga rashin tsari take.

"Hajiya, zo ki ga abin kunya," ya ce. "Fitowa ta goma sha tara. Shekarar me kuke ce mata?"

"Tsamiya."

"Dubi. Ga rana can an zana ta a yamma. Ga tsamiya. Inuwa ya kamata ta faɗi gabas, ko ba haka ba? To ina ta faɗi?"

"Yamma, ranka ya daɗe."

"Wajen ranar. Shekara guda cur mutum miliyan uku suna kwana suna tashi a ƙarƙashin inuwar da ta saɓa wa ilimin firamare. Ga kuma wata 'yar mata a tsaye da fayil a hammata, ba ta cikin takardar umarni, ba wanda ya amince da ita. Wa ya yi wannan aikin?"

"Maigidana."

Tukur ya gyara hularsa, wadda ba ta karkace ba. "Allah ya ƙara masa lafiya. Ya jikin nasa?"

"Da godiya."

"Dama akwai wata magana." Ya rage murya, duk da cewa daga su sai na'urar. "Matsefi ta gano gida ɗaya a unguwar Magina da ke janyo zanen nan daga taska kullum, shekara uku ke nan. Ban rubuta a rahoto ba."

Ladidi ba ta musa ba. Mijinta, Malam Mati, ya kamu da ciwon mantuwa shekara huɗu da suka wuce. Sunayen abokai suka fara tafiya, sai hanyar masallaci, sai ita. Wata safiya ta kai masa koko ya dube ta da ladabin da ake yi wa baƙuwa ya ce, "Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya." Ta gwada hotunan biki, ta gwada waƙoƙin da yake so, ba abin da ya motsa. Sai ranar da ta yi amfani da makullinta na mai taska ta ɗora zanen Tsamiya a allon rufin ɗakinsu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya kira sunanta. Ba kullum yake yi ba. Wani lokaci minti goma, wani lokaci rabin awa. Ta gwada buga zanen a takarda, ya ce hoto ne, ya ajiye. Sai dai a sama, da hasken nan nasa mai motsi a hankali. Allon rufi kuwa, kamar kowane allo a garin, ba ya nuna zanen sama sai wanda ya fito kai tsaye daga taska da hatimin Zaure.

"Zan kau da kai har ranar fitowa," in ji Tukur. "Bayan nan babu tsohon zane. Umarnin da na ba ta a fili yake: ta tattara duka arba'in da taran, ta kankare duk abin da bai yi daidai da sauran ba. Abin da ya rage shi ne ainihin Zaure, shi ne fitowa ta hamsin, kuma shi ke nan har abada. Ba sauran canje-canje."

"A bar mini ɗaya mana. Ɗaya tak."

"Hajiya, in na bar miki ɗaya, gobe zan tarar da layi daga nan har tasha. Kowa da shekararsa."

Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Sai ta sake hanya.

"Ranka ya daɗe, ka san zanen nan ba arba'in da tara ba ne? Ɗaya ne."

Ta yi masa bayani. Waɗanda suka kafa Ɗakin Zane 'ya'yan magina ne, jikokin masu yi wa soraye ado. A gidajensu ba a rushe bango don ana son sabon zane. In damina ta wuce sai a kwaɓa ƙasa a yi sabon yaɓe a kan tsohon, a zana a kai. Da suka koma kwamfuta sai suka tafi da hannunsu yadda yake. Ba wanda ya taɓa buɗe sabon fayil. Kowace shekara mai zane yakan buɗe na bara, ya shimfiɗa sabon yaɓe a kai, ya yi nasa. Har kalmar ba su sauya ba, yaɓe suke cewa. Duk jakunkunan nan na "na ƙarshe wallahi" gwaje-gwaje ne da tarkace. Ainihin abin fayil ɗaya ne mai hawa arba'in da tara, kuma Rumfa na saman kawai take nunawa.

"To ai ya fi sauƙi ma," in ji Tukur.

"Ba abu ɗaya da suka yi tarayya a kai. Ko tambarin sau goma sha ɗaya aka sauya shi. Shekara biyu ma an manta ba a sa ba."

"Idonmu ne bai gani ba. Ita za ta gani." Ya dafa farin akwatin kamar mai dafa kafaɗar ɗansa da ya ci jarrabawa. "Me ke ƙarƙashin yaɓe na farko?"

"Ba wanda ya taɓa ɗagawa."

"Kin gani? Shekara hamsin ba wanda ya duba. Irin abin da nake faɗa ke nan."

Da ta koma gida bayan la'asar, ta tarar da Delu, ƙanwar Mati wadda ke zama da shi da rana, tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Ma'aikaciya an dawo? Yau ma kin jera wa gwamnati sama?"

"Na jera. Ya ci abinci?"

"Ya ci. Ya tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki, na ce masa ni ce wadda ya sha dukana a kan gyaɗa. Ya ce bai yi mamaki ba."

Ladidi ta gaya mata abin da ake ciki. Delu ta ajiye faifan.

"Kwana nawa ya rage?"

"Shida."

"To ki daina zuwa aikin mana, ki zauna da mijinki."

"In na daina zuwa za su karɓe makullin tun yanzu."

Haka ta yi kwana shidan, da rana tana taya na'urar da za ta shafe mata miji gano inda fayiloli suke, da yamma tana zaune gefen gadonsa a ƙarƙashin tsamiya. Sau biyu ya gane ta. Sau ɗaya ya tambaye ta ko ta biya ta wajen mai gyaran takalmi, takalmin da ya ƙare tun shekarar Gauraka.

Ranar fitowa ta kama Asabar. Tukur ya so a yi abin a gaban jama'a da hantsi, Matsefi ta yi aikinta a kan Rumfa kai tsaye kowa na gani. An cika Dandalin Hukuma. An yi jawabai huɗu, uku daga ciki a kan hangen nesa. An kira Ladidi an ba ta allon yabo na gilashi saboda shekara talatin da uku na hidima, aka tafa mata, kuma a daidai lokacin da take karɓa wayarta ta yi 'yar ƙara tana sanar da ita cewa an soke makullinta. Hukumar ba ta taɓa yin wani abu a kan lokaci kamar wannan ba.

Sai Tukur ya danna.

Da farko ba a ga komai ba. Can sai layukan haske suka taso daga gabas, dubbai, sirara, suka bi cikin ƙwaryar daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ƙara ba. Inda duk suka wuce, samar bana, mai ruwan zuma da jerin balbelu, sai ta nannaɗe kamar tabarma ta ɓace. A ƙarƙashinta ga samar bara, sabuwa fil kamar jiya aka zana ta.

Dandalin ya yi tsit, irin shirun da ba a taɓa ji a Tudun Maƙera ba. Minti biyu, layukan suka sake tasowa. Bara ta tafi, ga ta bara waccan. Minti biyu, ga wadda ta gabace ta. Mutum miliyan huɗu suka fito daga shaguna da gidaje da asibitoci suka tsaya a titi da kai a sama, shekarunsu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da faɗinta na tafiyar awa uku. Da shekarar Kwale-kwale ta bayyana, kogin nan mai ruwan azurfa ya kewaye birnin kaf, wata mata kusa da Ladidi ta zauna a ƙasa ta fara kiran sunan wani a hankali. Wani dattijo ya ɗaga jikarsa yana nuna mata inda ya tsaya ranar da aka haifi uwarta. Ko shekarar Kwamiti da ta zo da tokarta, sai da aka samu masu share hawaye.

Ladidi ma ta shagala har yaɓe biyar suka wuce. Sannan al'adar aiki ta sa ta duba wayarta. An hana ta taɓa fayil ɗin, amma ba a hana ta ganin nauyinsa ba. Yana raguwa. Matsefi ba nuni take yi ba. Takan auna kowane yaɓe da sauran, ta ga bai yi daidai da su ba, ta kankare shi, daga taska da ma'ajiyar ko-ta-kwana duka, kamar yadda aka umarce ta don kada wani ya koma baya.

Ta kutsa har inda Tukur yake tsaye manya suna miƙa masa hannu.

"Ranka ya daɗe, gogewa take yi. Duka za ta goge."

"Tarihi take nuna mana, Hajiya. Ni kaina ban san ta shirya wannan ba." Idonsa ya yi rau-rau. Shekarar da ya shiga jami'a ce a sama.

Ta nuna masa lambar. Ya duba, ya sake dubawa. Ya gane, don ba wawa ba ne.

"Za ta tsaya in ta iso ainihin," ya ce, amma muryar ba ta Darakta ba ce.

"Tsayar da ita yanzu."

"Sai da sa hannun mutum uku na kwamiti. Ni na tsara haka, don kar wani ya yi gaban kansa."

"Ina sauran biyun?"

Ɗaya tana ɗakin haihuwa. Ɗayan yana wani wuri cikin mutum miliyan huɗu da kansa a sama, wayarsa tana ruri a aljihu.

Ladidi ta ɗaga kai. Yaɓe na talatin da shida. Shekara talatin da uku tana lissafin irin wannan, ba ta buƙaci takarda ba: saura goma sha bakwai kafin Tsamiya, minti talatin da huɗu. Tana iya tsayawa ta taya Tukur neman mutumin, wataƙila a same shi, wataƙila a ceci abin da ya rage. Ko kuma ta tafi unguwar Magina, tafiyar rabin awa ga mai ƙafa lafiya, tunda jirgin saman gidaje ya tsaya cak saboda mutane sun hau kan layinsa suna kallo.

Ta miƙa wa Tukur allon yabon. "Riƙe mini wannan."

Ba ta taɓa sanin garin yana da tsawo haka ba. Ta bi ta kasuwar 'yan waya a ƙarƙashin shekarar Shamuwa, ta haura gadar asibiti a ƙarƙashin shekarar da aka binne mahaifiyarta. Takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi. Ba wanda ya kula da tsohuwa mai gudu da ƙafa ɗaya ba takalmi, kowa yana nasa lissafin. Da ta shiga gida ana kan na ashirin da biyu.

"Delu, kama shi, saman soro za mu."

"Ke, mutumin da ko zaure ba ya kaiwa?"

"Kama dai."

Suka ɗago shi, ɗaya a kowace kafaɗa, yana ba su haƙuri yana cewa bayin Allah kar su wahalar da kansu. Matakala goma sha huɗu. Suka zaunar da shi a kan tabarma ya jingina da rawanin soro. Gauraka ɗari suna tsaye a gefen kudu da kambinsu na zinariya, na ashirin ke nan. Layukan haske suka taso suka kwashe su.

Ladidi ta saba ganin zanen a rufin ɗaki mai taku huɗu. Ta manta yadda yake a asalinsa. Shuɗin la'asar ya cika duniya, mai zurfi a tsakiya, yana sassautawa zuwa ruwan goro a gefe. A yamma ga rana ta yi ƙasa, ga tsamiya ta tashi daga bayan gidaje har kusan rabin sama, kowane ganye da hannu aka ɗiga shi, suna motsi kaɗan-kaɗan. Inuwarta ta kwanta wajen rana, baƙa mai sanyi, tsawon unguwa uku. A cikin inuwar, mace mai tsayin hasumiya tana tsaye da fayil a hammata.

Mati ya daɗe yana kallo, kuma minti biyu ne kawai suke da su. Sannan ya yi tsaki.

"Ladidi, har yanzu ba su gyara inuwar nan ba?"

"Ba su gyara ba, Malam."

"Sambo ya ce zai kai ƙarata." Ya juyo ya dube ta sosai, daga ɗankwali har ƙafa. "Ina takalminki ɗaya?"

"Na bar shi a hanya."

"Kullum cikin sauri. Tun ranar da na fara ganinki a bakin ofis kina jiran a buɗe, rana tana dukanki, ko gefe ba ki matsa ba." Ya kamo hannunta. "Kin tsufa."

"Kai ma ba yaro ba ne."

"Delu ce can take kuka? Me aka yi mata?"

"Rabu da ita, Yaya," in ji Delu daga bakin matakala. "Hayaƙi ne."

"Kin gaji," ya ce wa Ladidi. "Ina ganin ina ba ki wahala kwanan nan. Ban san ta me ba, amma ina gani a fuskarki."

"Ba wata wahala."

"To zauna nan cikin inuwa."

Ta zauna. Layukan haske suka taso daga gabas. Ta ƙi kallonsu, shi ta kalla har suka wuce.

Sauran goma sha takwas ɗin ba ta ƙirga su ba. Sun yi ta sauƙaƙa suna komawa hannun mutanen farko, launi biyu, launi ɗaya. Na farkon ba zane ba ne ma, farar ƙasa ce zalla, da sawun yatsu biyar na wani magini a gefen gabas, kowane yatsa ya fi titi faɗi. Matsefi ta auna shi. Babu sauran abin da za ta kwatanta shi da shi sai wanda ke ƙarƙashinsa, kuma bai yi daidai da shi ba. Ta kankare.

A ƙarƙashin yaɓe na farko babu komai. Gilashi ne.

Duk wanda bai kai hamsin ba a Tudun Maƙera bai taɓa ganin abin da ya gani a wannan hantsi ba. Ba shuɗin ne ya ba su tsoro ba, sun ga shuɗi iri arba'in. Nisan ne. Duk samar da suka sani tana da inda ta tsaya, wannan kuwa ido yana tafiya cikinta ba ya isa. Daga gabas hadarin farkon damina yana haɗuwa, gajimare a kan gajimare, fari a sama kamar auduga, baƙi ƙirin a ƙasa, ya fi Rumfar kanta tsayi sau ba adadi, yana juyawa yana sake siffa, ba ya maimaita ko ɗaya. Walƙiya ta keta shi ba tare da an sanar ba. Mutane sun sha jin ruwa yana dukan Rumfa, an kuma koya musu a makaranta daga ina yake zuwa. Yau suka ga ɗigon farko ya taho daga can inda ba a iya aunawa ya fashe a kan gilashin, sai na biyu, sai dubu, sai ƙwaryar duka ta zama kogi yana gangarowa ta kowane gefe da haske a cikinsa. Daga wani masallaci aka ji muryar tsoho yana tasbihi, wasu suka kama. A titin ƙasan soron wata budurwa ta tambayi ƙawarta a hankali ta wane gefe tambarin yake.

Mati ya ɗaga hanci kamar mai jin ƙamshin ƙasa, ko da yake ba ta inda zai shigo.

"Za a yi ruwa sosai," ya ce. Ya dubi Ladidi da ladabi. "Baiwar Allah, ko za ki aika a gaya wa Baba a rufe tubalin nan?"

"Za a rufe," ta ce.

Rahoton Matsefi layi ɗaya ne: an daidaita, babu sauran saɓani. Masana sun duba sun tabbatar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Hukuma ta sanar cewa dama abin da aka nufa ke nan, ta kuma kafa kwamiti ya binciki yadda za a maƙala tambari a kusurwar gabas ba tare da gajimare ya riƙa wucewa ta bayansa ba bisa ƙa'ida ba. Ba a yarda a ɗora sabon zane ba tukuna, don an kasa shawo kan wanda zai fara, tunda ba na bara da za a yaɓa a kai. Gilashin yana tare rabin zafin. Ɗaya rabin ya koya wa mutane tafiya ta gefen bango da azahar. Tukur ya aiko wa Ladidi da allon yabonta, da 'yar takarda da ya rubuta da hannunsa, layukan ba su miƙe ba.

Mako biyu bayan haka ta sa aka cire allon rufin ɗakin. Ta sayo shuni da farar ƙasa da jar ƙasa, ta aro tsani. Delu ta riƙe mata tsanin tana faɗin ra'ayinta.

"Wannan tsamiya ce ko tsintsiya?"

"Riƙe tsani dai."

Kwana huɗu ta yi. Ranar ta fito kamar ƙosai, matar kuma in ba a gaya maka ba sai ka ce tulu ne. Mati yana kwance yana kallo tun daga farko, da idon mai sana'a da ke ganin ana ɓata kayan aiki. Da ta ja inuwar ta kai ta wajen rana, sai ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, inuwar nan ta karkace."

"Haka mai ita ya yi ta."

"To bai san aiki ba."

Ladidi ba ta sauko ba. Shuni yana bin hannunta yana ɗiga daga gwiwar hannu. Ya ci gaba da kallo, ya karkata kai, ya bi inuwar da ido daga gindin itacen har inda ta ƙare.

"A'a," ya ce can. "Ya sani. Matar nan ce ba ya so rana ta doka." Ya nuna da yatsa. "Ki ƙara mata faɗi ta hagu, kafaɗarta na waje."

Ta tsoma buroshi ta ƙara.